Gizo-Gizon da Ke Katangar Gidan Malam Abdulsalami

Ranar da Halimatu Sadiya ta fara ganinsa, ta ɗauka ko dai ɓarawo ne ko kuma wanda kansa ya ɗan taɓu. Ta dawo daga firamaren da take koyarwa, la'asar ta yi sakaliya, sai ta tarar da wani dogon saurayi durƙushe a gindin katangar gidansu da ke Bolori, hancinsa saura ƙiris ya taɓa bulo, ya kafa wata tsohuwar kamara a idonsa. Ko motsi ba ya yi. Duk wanda ya tashi a Maiduguri kuwa ya san ba a wasa da baƙon da ke leƙen katangar mutane.

Ta yi gyaran murya ta tambaye shi ko lafiya. Bai ɗago ba, sai dai ya roƙe ta ƙasa-ƙasa da ta tsaya daga nan, kada ta tsorata shi.

"In tsorata wa?"

Ya nuna mata da yatsa. A bakin wani tsagi na katangar, daidai inda inuwar darbejiya ta ƙare, akwai wani ɗan mitsitsin gizo-gizo da bai wuce ƙwayar dawa ba. Sadiya ba ta yi wata-wata ba ta cire takalminta ɗaya. Tun tana yarinya take jin cewa in tautau ya lashi mutum sai wurin ya yi ƙuraje, ga shi yaran unguwa a nan suke wasa kullum.

"Don Allah, Malama, kafin ki yanke masa hukunci ki dubi fuskarsa," in ji saurayin, ya juyo mata da bayan kamarar.

Ta duba ne kawai don ta rabu da shi, sai ga shi ta manta da takalmin da ke hannunta. Abin da ta gani kansa ja ne jawur, bayansa kore mai sheƙi, ƙafafunsa da ratsin fari. A gaba kuma ga manyan idanu biyu baƙaƙe, zagayayyu, suna kallonta kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

Saurayin ya ce sunansa Mahfuz, busasshen kifi yake sayarwa a Kasuwar Kifi ta Baga Road. Ya ce irin wannan gizo-gizon ba ya cizon mutum, ba ya cika ɗaki da yana, ƙuda da sauro yake farauta, da tsalle kuma yake kama su. Amma kafin ya yi tsallen sai ya manna wani siririn zare a inda ya tashi, in ya kuskure sai ya bi zaren ya koma.

Sadiya ta sa yatsa ta nuna idanun a jikin gilashin, tana tambayar ko da gaske nasa ne. A bayan yatsar akwai tsohon tabon ƙuna, dogo, fari. Mahfuz ya dubi tabon. Ya miƙe ya ce sai an jima, ya tafi da sauri har ya bar murfin kamararsa a ƙasa.

Ta tsince shi tana murmushi. A zatonta kunya ce ta kori mai kifi.

Gidan Malam Abdulsalami tela, Bakanon da ya zo Maiduguri tun yana saurayi, gida ne da ake magana ƙasa-ƙasa a cikinsa. Shekara tara ke nan da babban ɗansa Mikail, mai ɗaukar hoto, ya tafi aikin wani biki ta hanyar Baga, a shekarun da hanyar ke cin mutane, bai dawo ba. Ba gawa, ba labari. Malam ya daɗe da sallamawa a zuciyarsa, amma bai taɓa iya faɗa a gaban matarsa ba.

Umma Rakiya kuwa ba ta sallama komai ba. Duk ranar Juma'a sai ta fito da rigar Sallar da Malam ya ɗinka wa Mikail a waccan shekarar, farar shadda da bai taɓa sawa ba, ta turara ta da turaren wuta, ta rataye ta a igiyar shanya ta sha iska. In iskar ta kaɗa, hannuwan rigar su ɗaga kamar da mutum a ciki. Sadiya tana da shekara goma sha uku lokacin da abin ya faru, haka ta girma tana kauce wa tsakar gida ranar Juma'a. Ta tsani rigar nan, tana kuma jin kunyar tsanar da take mata.

Abin da ba ta sani ba shi ne, kamarar da ta leƙa ɗazu ta yayanta ce.

Mahfuz yana ɗan shekara goma sha tara ranar da aka buɗe wa motar kifin mahaifinsa wuta a kan hanya. Ya faɗa daji tare da wani fasinja mai kamara a wuya, wanda harsashi ya sama a haƙarƙari. Kwana biyu suka yi a gindin wata aduwa. Mutumin ya ce sunansa Mikail, ya rataya masa kamarar, ya ba shi saƙo ga mahaifiyarsa. Da Mahfuz ya tambayi gidan, zazzaɓi ya riga ya ci ƙarfinsa, abin da kawai ya iya cewa shi ne koriyar ƙofa, kusa da masallaci. Rabin gidajen Maiduguri ke nan.

Da ya iso gari, mahaifinsa ya ga kamarar sai tsoro ya kama shi. A wancan lokacin wanda ya fito daga daji da kayan wani a hannunsa ba a cika tsayawa jin bayaninsa ba. Washegari aka sa shi a motar Kano, bayan an rantsar da shi kada ya taɓa buɗe baki. Shekara biyar ya yi can. Sai da mahaifin ya rasu ya dawo ya karɓi shago, da kamarar a ƙasan jakarsa.

Hoto arba'in da ɗaya ne a memorin kamarar, dukkansu na ɗan gizo-gizo a jikin katanga ɗaya. Babu fuskar kowa. Bayan gizon komai dishi-dishi ne, kamar yadda irin hoton nan na kusa yake fitowa: gefen wata koriyar ƙofa, bututun ruwa rawaya, gindin darbejiya da ƙusa a jiki. A ɗaya daga ciki kuma akwai yatsar wata yarinya tana nuni, da tabon ƙuna a bayanta.

Da waɗannan ya shiga nema. Ba ya iya tambayar kowa, sai ya koyi kamarar, ya riƙa bin unguwanni bayan an tashi kasuwa, yana durƙusawa a gindin duk katangar da ke da koriyar ƙofa, ya ɗauki gizo-gizon da ya samu, ya koma gida ya gwada dishi-dishin bayansa da na Mikail. Shekara huɗu yana haka. A nan ya san halin ƴan halittun nan har ya so su. Su kaɗai ma yake iya ɗauka, don duk lokacin da ya saita kamarar a fuskar mutum, fuskar Mikail yake gani a gindin aduwa.

Washegarin ranar da ya ga tabon ya dawo Bolori da niyyar ya yi sallama da maigidan ya sauke abin da ke kansa. Sai ya tarar da Sadiya a ƙofa riƙe da murfin kamarar, tana tambayarsa ko mutumin nasa ya kwana lafiya. Ta yi dariya, shi ma ya ji ya yi, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya ce a ransa gobe zai faɗa.

Goben nan wata huɗu ta ɗauka.

Sadiya ce ta raɗa wa gizon suna Alhaji Jan Hula. Mahfuz ya koya mata yadda ake yi: ki dafa gwiwar hannu a kan gwiwa, kada inuwarki ta faɗa masa, ki riƙe numfashi, ki jira. Ba sai kin bi shi ba, shi da kansa zai juyo, don ba abin da ya kai shi son sanin wanda ke kallonsa. Ya gaya mata in namijin ya ga mace sai ya ɗaga ƙafafun gaba yana rangaji hagu da dama, wani lokaci ya daɗe yana yi ita ko a jikinta. Sadiya ta ce ashe macen tana da aji, ta burge ta.

Ranar da kasuwa ta riƙe shi, sai ta tura masa saƙo:

"Mai Gizo, yau Alhaji Jan Hula ya kama ƙudan da ya fi shi girma. Na yi masa tafi, matan maƙwabta sun ɗauka na zautu. Laifinka ne."

Ya amsa mata:

"Na karɓi laifina, Malamata. Amma ki gaya masa ya rage kallonki, ni da na riga shi ma ban gama ba."

Sadiya ta karanta har sau biyar, ta kife wayar a ƙirji. Ta san ta kamu, ba ta kuma yi ƙoƙarin kuɓucewa ba.

Abu ɗaya ne ya riƙa damunta. In Juma'a ce ƙamshin turaren Umma ya tsallako katanga, sai goshin Mahfuz ya tsatso da gumi. Wata rana iska ta tura ƙofa ya hango farar rigar tana kaɗawa, sai da ya dafa darbejiya. A ranar ta ba shi labarin yayanta. Ya saurara kansa a ƙasa, sannan ya ce Allah ya bayyana. Da ya koma gida ya rubuta mata gaskiyar a waya ya goge, ya sake rubutawa ya sake gogewa. Tsoro yake ji, ba na hukuma ba a wannan karon.

Akwai kuma Babakura, abokin Mikail tun firamare, ma'aikaci a wani ofis a GRA. Shekara tara shi ke sayo wa Umma maganin hawan jini, shi ke zuwa duk inda aka ce an fito da sunayen waɗanda aka ceto ya duba. Umma ta riga ta gama yi masa kallon suruki. Ita Sadiya Ya Babakura take ce masa, ta kasa ganinsa da wani ido ban da na yaya. Da ya lura da mai kamara ya yi bincikensa a kasuwa, ya zo ya same ta a zaure.

"Sadiya, ba kishi ne ya kawo ni ba, ko da yake akwai shi. Mutumin nan ya ɓace daga garin nan shekara biyar, ba wanda ya san dalili. Ki tambaye shi."

Ba ta tambaya ba. Ta ce a ranta wa ke da labari mai daɗi a shekarun nan.

Wata Alhamis bayan la'asar Mahfuz ya yi sa'ar da ya daɗe yana jira. Wata macen gizo ta fito daga tsagin bulo, Alhaji Jan Hula ya ɗaga ƙafafu ya fara rangaji, hoton ya fito tar. Daɗi ya kama Sadiya, ta fizge kamarar ta ruga cikin gida tana cewa wallahi sai Umma ta ga wannan.

"Sadiya, tsaya!"

Ta riga ta wuce zaure.

Umma na zaune a tabarma tana tsintar shinkafa. Ta karɓi kamarar, amma ba ta dubi hoton ba. Ta juya ta a hankali, ta kai babban yatsanta kusurwar ƙasa, inda wata tsohuwar tsaga take, da busasshen gam da ya koma rawaya. Farantin shinkafar ya zame daga cinyarta.

Ko mayafi ba ta ɗauka ba ta fito waje. Ta tarar da Mahfuz ya riga ya zube a kan gwiwoyinsa. Ta tambaye shi ina ɗanta.

"Allah ya yi masa rasuwa, Umma. Shekara tara ke nan. A hannuna ya cika."

Kafin a ce haka layin ya cika da mutane. Babakura, da ya zo kawo magani, ya shaƙe wuyan rigar Mahfuz yana tambayar jama'a wane ne zai riƙe kayan wanda ya ɓata, ya kuma gudu shekara biyar, in ba ɗaya daga cikin masu tare hanya ba. Wasu suka fara cewa a kira jami'an tsaro. Allah ya kawo Malam Abdulsalami daga shago, ya ce ba wanda zai taɓa mutum a ƙofar gidansa. Ya ce wa Mahfuz ya tafi, kada ya dawo sai an neme shi.

Umma ta rungume kamarar a ƙirji tana cewa ƙarya yake, su ne suka ɗauke mata yaro, ɗanta yana raye. Ta rantse muddin tana numfashi ƴarta ba za ta shiga gidan mutumin nan ba.

Sadiya ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta shiga ɗaki ta rubuta masa:

"Wata huɗu kana ganin rigarsa a igiya, ina ba ka labarinsa kana ce min Allah ya bayyana. Ashe ba ni kake zuwa gani ba, saƙo ka kawo ka kasa bayarwa. Kada ka ƙara kirana."

Amsarsa ta zo da hoto a haɗe:

"Ba ni da bakin kare kaina. Wannan yana cikin hotunan da ya bari, da shi na gane ki. Akwai maganar da ya ce in faɗa wa Umma da bakina. Duk ranar da aka ba ni dama zan zo in faɗa, ko da daga nan za a wuce da ni."

Ta buɗe hoton. Ga katangarsu, ga ɗan gizo-gizo mai jan kai, ga yatsarta ƙarama da tabon tafasasshen ruwa. Safiyar ta dawo mata gaba ɗaya. Yaya Mikail ya kira ta ta nuna masa gizon, ita kuma tana ta kumbure-kumbure don ya ƙi ɗaukarta da sabuwar atamfarta, ya ce ta bari sai ya dawo daga biki ya yi mata mai kyau. Ko a dawo lafiya ba ta ce masa ba. A nan kukan ya ƙwace mata, ta kai wa Babanta wayar.

Kwana biyu bayan haka Malam ya ɗauki Babakura suka tafi Kasuwar Kifi. A tsakanin kwalayen banda suka zauna, Mahfuz ya ba su labari tun daga harbin farko, kawunsa ya shaida zancen rantsuwa da tafiya Kano. Ya nuna musu hotunan katangun da ya bi, na Gwange da Hausari da Bulumkutu, ɗaruruwa, kowanne da gizonsa da koriyar ƙofarsa. Suka hau Keke Napep. Sai da suka kusa gida Babakura ya share fuska da hularsa.

"Baba, wanda ya kashe mutum ba ya shekara huɗu yana neman ƙofar uwarsa. Na zalunce shi."

Umma kuwa ta toshe kunne. In Malam ya ɗauko zancen sai ta tashi ta shiga kicin. Mako uku ana haka, gidan ya koma kamar ba kowa, ita ba ta ci sosai, Sadiya ba ta ci sosai. Sai wata Juma'a, bayan ta rataye rigar, ta ce wa Malam ya kira mutumin ya zo ya faɗi ƙaryarsa ta huta.

Mahfuz ya zo bayan an sauko daga masallaci. Ya zauna a ƙasa nesa da tabarma, rigar na kaɗawa a saman kansa. Sadiya tana bayan labule tana leƙensa. Ya rame, muryarsa ma ta canza.

"Umma, ya ce in gaya miki ya san ke kika yar da kamarar ranar da kike share masa ɗaki. Ya ce tun a ranar ya ga gam ɗin. Ya ce kullum in ya ɗauke ta sai ki kawar da kai, shi kuma abin dariya yake ba shi, shi ya sa bai tona ba. Ya ce ki yafe masa da ya bar ki da shi a rai, wallahi bai taɓa jin haushi ba."

Malam ya juya ya dubi matarsa. Shekara talatin suna tare, bai taɓa jin wannan zancen ba. Ba wanda ya taɓa ji. Umma ta liƙe tsagar ita kaɗai a ɗaki, ta mayar da kamarar inda take, ta yi shiru da bakinta har yau.

Da ta yi magana, muryar ba ta fi ta mai raɗa ba. Ta tambaya ko ya yi kalmar shahada. Mahfuz ya ce ya yi, har sau uku. Ta tambayi wanka, ya ce babu ruwa, taimama ya yi masa. Ta tambayi alƙibla, ya ce da fitowar rana ya gane. Ya ce wani makiyayi Bashuwa ya ratso da shanunsa, shi ya taya shi haƙa, su biyu suka yi masa salla.

"Da me ka rufe shi?"

"Da rigata, Umma. Ita kaɗai gare ni. Da singileti na iso gari."

Umma ta miƙe. Ta je igiyar da kanta ta sauke farar shaddar, ta ninke ta a hankali, hannu a kan hannu, ta kifa fuskarta a ciki. A nan ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ta haɗa da sunan Mikail, karo na farko a shekara tara. Kukan da ta yi ranar har maƙwabta suka shigo, amma kowa ya san wannan kukan daban ne da na baya.

Aka yi zaman makoki na kwana uku, aka yi sadaka. Mahfuz ya zauna a cikin masu karɓar gaisuwa don Malam ya ce wurinsa ke nan. Sadiya dai ba ta dube shi ba ko sau ɗaya. Ta yafe masa zancen yayanta, nata ne ya tsaya mata a wuya. Sai da aka yi wata guda ta tura masa:

"Tambaya ɗaya. Da ba ni da tabon nan a yatsa, da ka dawo washegari?"

Ya amsa:

"Tabon ne ya dawo da ni rana ta biyu, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma saƙon minti biyar ya ishe shi. Sauran wata huɗun ke ce. Na san ranar da na faɗa zan rasa gindin katangar nan, sai na yi ta satar kwana ɗaya-ɗaya. Son kai ne, na cuci Umma da shi, na cuce ki. Amma son da nake miki ba wanda ya aiko ni da shi, Sadiyata. Nawa ne."

Ta bar shi kwana biyu ba amsa, don ita ma tana da nata ajin. A rana ta uku ta ari kamarar wajen Umma, ta durƙusa a gindin katanga, sannan ta tura masa wani hoto a karkace: Alhaji Jan Hula yana reto a jikin siririn zarensa, yana hawa.

"Ya yi tsalle ya kuskure, ga shi yana komawa. Hoton bai yi kyau ba, hannuna rawa yake. Mai Gizo, ka zo ka gyara min riƙon."

Ko shagon bai tsaya rufewa ba, kawunsa ne ya rufe. Da ya iso ta miƙa masa kamarar, ta ce Yaya Mikail ya tafi da alkawarin zai ɗauke ta hoto, tana so a cika. Mahfuz ya ce ba ya iya ɗaukar fuskar mutum, ya gaya mata dalili. Ta ce to ya yi mata yadda yake yi wa Alhaji, ta juya masa baya. Ya durƙusa, ya dafa gwiwar hannu a gwiwa, ya riƙe numfashi, ya jira. Da ta juyo, fuskarta ya gani, ita kaɗai, da hawaye da dariya a haɗe. Ya danna.

Babakura da kansa ya je ya gaya wa Umma ya janye, ya kuma ce shi zai tsaya wa amarya a matsayin yaya, tunda tun farko haka ta ɗauke shi. Ranar da kawun Mahfuz ya zo neman aure, Malam ya shiga ya tambayi Umma batun rantsuwarta. Ta ce ta riga ta ciyar da miskinai goma tun makon jiya, shi ne bai lura ba.

Saura kwana uku ɗaurin aure ta miƙa wa Malam wani ƙunshi, ta ce yaron ya fi Mikail tsayi da kamar yatsa uku. Malam ya buɗe, ya rufe, ya tafi da shi shago. Yini guda ya yi yana warware ɗinkin da ya yi shekara tara da suka wuce, yana tsayawa yana goge tabarau.

Safiyar Asabar, kafin a tafi masallaci, Umma ta aika a kira mata ango. Ya shigo ya durƙusa a inda ya durƙusa wancan karon. Igiyar shanya ba komai a kanta sai mayafan ƴan biki. Umma ta fito da farar shaddar a hannu biyu, tana ƙamshin turaren da ya sha Juma'a bayan Juma'a.

"Ka ba ɗana rigarka a daji, ka taho tsirara," in ji ta. "Ga tasa. Tashi ka sa in gani."

Babakura ya taimaka masa ya sa. Rigar ta zauna masa daidai. Umma ta matso ta gyara masa wuyan, ta share wani zare daga kafaɗarsa, ta daɗe tana kallon hannuwan rigar da yau suke motsi da mutum a ciki. Daga bayan labule Sadiya ta leƙo da lallenta, ta ga rigar da ta tsana tun tana yarinya, ta ji ba abin da ta taɓa gani mai kyanta.

"Allah ya yi muku albarka, kai da ita," in ji Umma. "Yadda ka suturta nawa, Allah ya suturta ku duniya da lahira, ya ba ku zuri'a mai jin ƙai. Duk inda kuka fita, Allah ya dawo min da ku."

Tsakar gida ta amsa da amin. Malam ya kama hannun Mahfuz suka fita ta koriyar ƙofa, Umma kuma ta tsaya a zaure tana kallon farar rigar har ta sha kwanar masallaci, sannan ta koma ciki wajen ƴarta.